"Kwana biyu" ba kwana 2 ba ne, amma je ka faɗa wa kwamfuta

Ranar da aka kawo min aikin nan sai da na yi dariya a raina, nace wannan ai kuɗin banza ne, sati biyu na tattara na miƙa musu. Yau muna cikin wata na huɗu. Daren jiya ma jimla ɗaya tak ce ta riƙe ni tun bayan isha'i har aka ɗauke wuta, batirin laftof ya yi ja, ni ban gama yanke shawarar inda zan ajiye ta ba. Shi yasa nace bari in zo nan in ɗan amayar da abin da ke cikina, ko banza masu tambayata wai wane irin aiki nake yi da kullum ina gaban kwamfuta amma har yau ba a ga manhaja ba, sa samu amsa.

A baki abin mai sauƙi ne. Akwai kundin duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da shi tun tsakiyar shekarun 1990, ma'aikatan lafiya na ce masa IMCI. Duk wanda ya taɓa kai yaro ƙaramin asibiti ya gan shi ko da bai san sunansa ba, shi ne mai layuka kala uku ɗin nan, ruwan hoda na a tura babban asibiti da gaggawa, rawaya na a ba da magani a nan, kore na a koma gida a ci gaba da kula. To wasu 'yan ƙungiya ne ke so a mayar da shi abin da waya za ta iya bi, ma'aikaci ya shigar da abin da ya gani a jikin yaro ita kuma ta nuna masa layin da yaron ya faɗa. Amma kafin mai rubuta manhaja ya taɓa komai dole wani ya zauna ya bi takardar jimla bayan jimla ya ware ta, wannan sharaɗi ne, wannan aikin da za a yi ne, wannan magani ne, wannan adadinsa, wannan kuma bayani ne kawai ba ya ɗauke da hukunci. Wannan wanin ni ne.

Manhajar da nake aikin da ita allonta biyu ne a manne. Hagu takardar ce yadda aka rubuta ta, dama kuma jerin tambura. Sai ka ja linzami ka shafa wa wasu kalmomi kala, ka je dama ka liƙa musu tambarin da ya dace, ka kuma ja zare daga wannan zuwa wancan don a san wane sharaɗi ne ke jawo wane aiki. Wanda ya yi zaman zaure gaban malam zai gane abin nan take, matani ne a tsakiya kai kuma kana rubuta hashiya a gefe, sai dai ita wannan hashiyar ba ɗalibi ne zai karanta ta ba, inji ne, injin da in ka bar masa rami ko na allura ne sai ya faɗa ciki.

Bari in nuna muku da jimlar da ta fara sauke min girman kai. Kundin yace a ƙirga numfashin yaro mai tari na minti ɗaya, in yana tsakanin wata 2 zuwa wata 12 numfashi 50 ko fiye ya yi sauri, in kuma daga wata 12 ne zuwa shekara 5 to 40 ko fiye. Na shafa kala na liƙa tambari na wuce abina. Sai washegari mai rubuta manhajar ya turo min saƙo, yaron da yake da wata 12 cif fa, wane gida zai shiga, tunda 12 ɗin ta fito sau biyu? Amsar tana nan, a wajen horo ana koya wa ma'aikata cewa da zarar yaro ya cika wata 12 ya koma lissafin 40, amma ni da ban taɓa zaman horon ba ina zan sani. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, yaro mai numfashi 45 in wata 11 gare shi tari ne da mura a koma gida, in ya cika 12 limoniya ce a ba shi amoxicillin.

Anan ne na fara kiran yayata, wadda ta daɗe tana aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Na karanta mata abin, tace auta kai matsalarka kenan? Ni matsalata uwar da zan tambaya watan yaro nawa tace min an haife shi bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki, ga shi sallah ta zagayo, ai ya shekara. Na yi shiru, don shekarar Musulunci ta gaza ta bature da wajen kwana 11, wato yaron da uwarsa ta rantse ya shekara a lissafin kundin da sauransa. Nace to Yaya ke ya kike yi? Tace in akwai katin rigakafi ta duba, in babu ta kalli yaron ta kalli yadda yake jan numfashin ta yi hukunci. Wannan "ta kalli yaron" ɗin ba shi da tambari a jerin da ke hannuna.

Da abin ya ishe ni sai na koma karatu in ga ko ni kaɗai ne, ashe mutane sun fi shekara 30 suna wannan fama. Tun 1989 wasu masana suka taru a wani gida da ake kira Arden Homestead a jihar New York ta Amurka suka tsara yaren rubuta ƙa'idojin asibiti da inji zai gane, shi ne Arden Syntax, har yau yana nan. Bayansa aka yi ta fito da wasu, GLIF na haɗin gwiwar jami'o'in Columbia da Harvard da Stanford, PROforma na su John Fox a Ingila, Asbru na su Yuval Shahar da Silvia Miksch wanda shi ya fi damuwa da lokaci da kuma manufar da ke bayan kowane mataki. Duk waɗannan yaruka ne na ƙarshen hanya, wato yadda ilimin zai kasance bayan an gama tace shi. Tambayar ita ce ta yaya za ka taso daga takarda mai shafi ɗari ka iso can ba ka zubar da komai a hanya ba.

Nan mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce ƙwararre ya karanta kundin ya fahimta, ya ajiye shi gefe ya zana tsarin daga kansa, a manhaja irin su Protégé ta Stanford. Wasu suka ce a'a, a tsaya a jikin takardar, duk abin da ya shiga inji a iya nuna jimlar da ya fito daga ciki. Richard Shiffman na jami'ar Yale yana cikin na biyun, a 2000 shi da abokan aikinsa suka fitar da GEM, jerin tambura sama da 100 da za a iya liƙa wa sassan kowane kundin ƙa'ida, da wata manhaja GEM Cutter ta yin liƙin. A birnin Prag aka yi Stepper, wadda ita a hankali take bi, mataki-mataki, kowane mataki rubutun ya ɗan ƙara nisa da maganar mutane ya ɗan ƙara kusa da maganar inji, kuma tana ajiye tarihin kowane canji. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya aka yi DELT/A, ita ma babban aikinta riƙe zaren da ke tsakanin jimlar asali da abin da aka mayar da ita. Ni dai bayan wata huɗun nan ina tare da mutanen takarda ɗari bisa ɗari, zan faɗi dalili.

Wanda ya fi burge ni a duk abin da na karanta shi ne wani aiki da aka yi a Turai a farkon shekarun 2000 mai suna Protocure. Sun ɗauki kundin kula da ciwon shawara na jarirai na ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da wani na ciwon suga na ƙasar Holan, suka mayar da su Asbru, suka bi su da manhajar tantance lissafi da ake kira KIV. Kundaye ne da manyan likitoci suka rubuta aka daɗe ana aiki da su, amma da aka matse su sai ga wuraren da magana ke da fuska biyu, ga wuraren da ba a faɗi me za a yi ba, ga inda wani sashe ke karo da wani. Ba wai marubutan ba su iya ba ne. Sun rubuta wa likita ne ɗan'uwansu, wanda in an ce masa rabi zai cika sauran daga kansa bai ma san ya cika ba.

To shi IMCI ma da sauƙi don dama kusan a tsare yake kamar taswira. Duk da haka ku ji abin da ke ɓoye a shafi ɗaya na tari. In yaro na numfashi da sauri kuma ƙirjinsa na shewa, ba a yanke hukunci nan take, sai an shaƙa masa maganin buɗe hanyar iska har sau uku, tsakanin kowanne minti 15 zuwa 20, a sake ƙirga numfashin sannan a ce ga layinsa. Mutum zai karanta wannan a daƙiƙa biyar. Ni sai da na ware shi gida-gida, ƙirga na farko daban na biyu daban, wanne ne ake hukunci da shi, in an shaƙa sau ɗaya ya warware a tsaya ko a ci gaba, in babu maganin a asibitin fa. Can ƙasan shafin kuma da ƙananan baƙaƙe an ce amoxicillin ɗin da aka ce kwana 5 ana iya ba da shi kwana 3 in saurin numfashi ne kawai ba faɗawar ƙirji, a wuraren da cutar ƙanjamau ba ta yi yawa ba. Wannan ba tambayar da za a yi wa uwa ba ce, ba kuma ni zan yanke ba, hukumar lafiyar ƙasa ce za ta ce mu a wane ɓangare muke. Sai na buɗe wani fayil daban na sa masa suna "a tambayi likita", yanzu ya fi wasu sassan aikin tsawo.

Wani abin da ya ba ni dariya, ashe karatun fiƙihun da aka dinga dukanmu a kai muna yara shi zai cece ni. Kundayen nan cike suke da kalmomi irin su a yi, ya kamata a yi, ana iya yi, a duba yiwuwar yi, kada a yi. Abokin aikina duk ya ɗauke su umarni ɗaya. Nace masa haba malam, wajibi daban mustahabbi daban, halas daban makaruhi daban. Su ma masu rubuta kundayen suna da nasu ma'aunin, tsarin GRADE da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi yana raba shawara mai ƙarfi da wadda ke da sharaɗi, yana kuma faɗin ƙarfin hujjar da aka dogara da ita. In ka liƙa wa mustahabbi tambarin wajibi, waya za ta dinga yi wa ma'aikaci jan rubutu akan abin da yake da zaɓi a kai, kwana kaɗan ya koyi danne gargaɗin ba tare da ya karanta ba, ranar da na gaskiyar zai fito shi ma ya danne.

Sai maganar kalmomi, wadda ita ce ta ba ni sunan rubutun nan. Kowace alama da muka ware sai an ɗaura mata lamba daga manyan rumbunan kalmomin likitanci, SNOMED CT mai ɗauke da ma'anoni sama da dubu 300, ko ICD-11 da ta fara aiki a Janairun 2022, ko LOINC in gwaji ne, don in bayanin ya bar wayar ya shiga wata na'ura a san tari ake nufi ba wani abu ba. Wannan ɓangaren yana da cin rai amma ba wuya. Wuyar tana bakin ƙofa, inda maganar uwa ke zama lamba. Kundin yace tarin da ya wuce kwana 14 a tura a bincika ko tarin fuka ne ko asma, gudawar da ta kai kwana 14 ita ma hukuncinta daban. Ni kuma na sa gurbi, kwana nawa, a rubuta adadi. Yaya ta gani tace auta kai ba Bahaushe ba ne? Uwa za ta ce maka ai ya kwana biyu yana tarin nan, kuma wata guda take nufi. Sabon ma'aikaci mai sauri, layi ya cika a waje, zai rubuta 2 ya wuce, waya ta ba shi kore. Tace ita ba ta taɓa karɓar kwana biyu a matsayin amsa, sai ta ce tun kafin kasuwar da ta wuce ko bayanta, an yi juma'a nawa yana yi. Haka jijjiga, wata uwar in tace yaro ya yi jijjiga rawar ɗarin zazzaɓi take nufi, wata kuma ainihin sandarewa da juyewar ido, na biyun alamar haɗari ce da ke tura yaro layin ruwan hoda kai tsaye tare da kasa shan nono da amayar da komai da suma. Yaya tace ita da hannunta da idonta take kwatanta wa uwar ta ce irin wannan? Sai muka ƙara wani tambarin da babu shi a tsarin asali, na yadda ake tambaya, muka rataya shi a jikin kowace alama.

Yanzu kuskurena, don kar in yi ta nuna kamar ni ne mai wayo. A ƙa'idojin da na miƙa kashin farko na rubuta cewa in babu alamar haɗari, babu faɗawar ƙirji, babu saurin numfashi, to kore. Daidai yake da takarda. Abin da ban lura ba shi ne gurbin da aka bari fayau ba a cike ba, injin yana ɗaukarsa a matsayin babu. Ranar gwaji da yaran ƙarya da muka ƙirƙira a takarda, Yaya ta tsallake gurbin numfashi da gangan, wayar ta fito da kore shar, tari ne da mura a koma gida. Ta miƙo min wayar ba ta ce komai ba, wallahi sai da na ji zufa ta keto min. Ban duba ba daban, na duba babu daban. Abin haushin ma mutanen Arden tun a wancan zamanin sun sa wannan a yarensu, amsa uku ce ba biyu ba, eh da a'a da ba a sani ba, na karanta da idona na wuce ban ɗauka ba.

Ranar ce kuma na ga amfanin zaren nan da nace ina tare da masu shi. Da yake kowace ƙa'ida tana ɗaure da jimlarta, cikin yini ɗaya na bi duk inda na yi irin wannan kuskuren na gyara. Haka da muka gano cewa ɗaya daga cikin kwafin da aka turo mana tsoho ne. A tsohon tsari yaron da ƙirjinsa ke faɗawa ciki tura shi ake yi babban asibiti, a bugun 2014 aka sauya, in ya wuce wata 2 kuma babu alamar haɗari ana ba shi amoxicillin na sha a koma gida a dawo bayan kwana 3, sai in yana da alaƙa da ƙanjamau shi ne za a ba shi kashin farko na maganin a tura shi. Da daga kaina na zana tsarin da sai dai in zauna ina tuno wanne na ɗauko daga ina. Amma da na danna jimlar sai duk 'ya'yanta suka haska a dama.

Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ga cewa kowace ƙasa da kowace ƙungiya na maimaita wannan wahalar, kowa da irin fassararsa. A 2021 ta fito da tsarin da ta kira SMART, mai hawa-hawa, daga kundin da mutum ke karantawa, zuwa jadawalin hukunce-hukunce da jerin bayanan da za a tara, zuwa rubutun da inji ke karantawa da ma'aunin musayar bayanan lafiya da ake kira FHIR, har zuwa manhajar da ke aiki a hannun ma'aikaci. Da awon ciki suka fara. Na duba jadawalin nasu na ji kamar in yi kuka don daɗi, kowane layi ga sharaɗi ga aiki ga inda aka samo shi. Amma ko su sun ce kayan daidaitawa ne, kowace ƙasa sai ta zauna ta gyara shi da nata magungunan da nata tsarin, wato fayil ɗina na a tambayi likita ba inda za shi. Kuma abin ba tatsuniya ba ne a wajenmu, a jihar Adamawa tun 2016 aka fara amfani da ALMANACH a ƙananan asibitoci, manhajar duba yara ce a kwamfutar hannu da aka gina akan IMCI, da haɗin gwiwar ƙungiyar Red Cross ta duniya da cibiyar Swiss TPH da hukumar lafiya matakin farko ta jihar.

Na san wani zai ce me yasa ba za ka ba ƙirƙirarriyar basira ta yi maka ba. Na gwada. Wajen ware sharaɗi da aiki tana da sauri ba kaɗan ba, abin da zai ci min yini ta yi shi kafin shayina ya huce, kuma yanzu ina amfani da ita a zagayen farko. Inda muka ɓata da ita shi ne ba ta barin rami a buɗe. Inda takarda ta yi shiru sai ta cike da abin da ya yi kama da daidai, da kyakkyawan tsari, ba ta gaya maka cewa nan fa ni na ƙara. Ni kuma ramukan nan su nake nema, su ne kayan da zan kai wa likita. Ko ni da nake mutum sau nawa hannuna ya yi ƙaiƙayi in cike wani gurbi don na gaji, alhali ban taɓa zama ajin likitanci ko na yini ɗaya ba, kuma duk abin da na rubuta a wurin zai fito a waya da fuskar hukuma, ma'aikaciyar da ke ƙauye ba ta da hanyar sanin cewa wannan layin auta ne ya ƙago shi ƙarfe ɗayan dare.

Jimlar daren jiyan da na ce ta riƙe ni gajera ce, a gefen wurin ƙirga numfashi take, tana cewa dole yaro ya kasance a natse. Sharaɗi ce? Umarni ce? In sharaɗi ce to duk ƙirgan da aka yi yaro na tsala ihu bai inganta ba kenan, kuma sai wayar ta san hakan. Da safen nan na kira Yaya, ina jin kukan yara a bayanta, nace in yaro ya ƙi yin shiru ya kike yi. Tace ta ba uwar ta sa shi a nono, ta duba na bayansa a layi, ta dawo. Nace in ya ƙi fa har aka tashi? Tace to sai ka samo min inda zan danna in ce ya ƙi, ka ga ana jirana. Ta kashe wayar.